Lambar Sirrin Malam Ɗalha

A Gwandu, idan ka kama hanyar da ke fita Maruda, akwai wani dogon sito mai jan ƙofa inda ake ajiye takin zamani da shinkafa. Na Hajiya Hadijatu ne. Ita a Kalgo take zaune, can babban sitonta yake, na Gwandu kuwa ta damƙa shi a hannun Malam Ɗalha, wani dogon mutum siriri mai gemu kaɗan da magana da yawa.

Shekara da shekaru Ɗalha yana wannan aiki ba wanda ya san da zamansa. Ba shi da sarauta, ba ya limanci, bai taɓa zuwa Makka ba. A gari irin Gwandu, inda kowa yake da kakan da zai ambata, shi nasa kakan ko a cikin gidansu ba a cika tuna shi ba. In ya yi magana a wurin ɗaurin aure sai a ci gaba da rabon goro. In ya kawo shawara a masallaci sai a ce Allah ya saka da alheri, a tashi a yi akasinta. Abin yana ci masa rai ƙwarai, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba, tunda babu mai zama ya saurara.

Ana nan Hajiya ta sa aka liƙa akwatunan waifai guda uku, masu raba intanet, a cikin siton. Dalilinta na kasuwanci ne. Ta sayo wa 'yan dako wasu na'urori na hannu da ake haska buhu da su, sikana ake ce musu, don duk buhun da ya shiga ko ya fita ta gani daga Kalgo. Kowane akwati zaman kansa yake yi, da sunansa da lambar sirrinsa. Mutumin da ya liƙa su yana sauri zai koma Sakkwato, sai ya zaunar da Ɗalha ya nuna masa yadda ake canza lambar ta waya, ya kama gabansa. Bawan Allah nan bai san ya naɗa sarki ba.

Akwatin da ke kusa da ƙofa ƙarfinsa yana tsallake bango ya kai gindin wata bishiyar dogon yaro da ke ƙofar siton, daga nan kuma ya ƙare. Duk mai son ya shiga intanet ba tare da ya ƙona datarsa ba, to gindin bishiyar nan zai zo, kuma a gindin bishiyar nan Ɗalha yake zama.

Ba ya faɗin lambar da baki, Allah ya kiyaye. Sai ka zo ka durƙusa, ka gaishe shi, ka tambayi iyali da gajiya da yadda ya ji da jama'a. Sa'an nan ya miƙo hannu ka ba shi wayarka. Ya juya maka baya, ya danna da yatsa ɗaya a hankali, yana motsa leɓe, ya miƙo maka ba tare da ya dube ka ba. Duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci yake canza ta, saboda haka duk Juma'a sai an sake sabuwar gaisuwa. Wasu samari sun taɓa gano yadda ake tura lambar daga waya zuwa waya. Da ya ji labari sai ya canza ta a tsakiyar mako, ya ce kansa na ciwo ba zai iya danne-danne ba. Jama'ar wurin da kansu suka yi wa samarin tas, ba a sake ba.

Haka majalisa ta kafu. Manoman Maruda da na Dalijan in sun shigo gari, 'yan kabu-kabu, malaman firamare, ɗalibai masu jiran sakamako, duk nan suke yada zango daga la'asar har kiran magariba. Ɗalha yana tsakiya yana bayani. Ya yi bayanin farashin albasa, ya yi na siyasar Abuja, ya yi na maganin taifod, har na ƙwallon Turai da bai taɓa kallo ba. Kowa kansa a sunkuye, idonsa a kan waya, lokaci-lokaci a ce, "Gaskiya na, Malam." Shi kuwa sunkuyar da kan nan ladabi ya ɗauke ta. Wanda ya kuskura ya yi masa musu, Juma'a mai zuwa wayarsa sai ta ƙi karɓar lamba, Ɗalha ya girgiza kai cikin tausayi ya ce wayoyin yanzu ba su da aminci.

Na hannun damansa shi ne Zayyanu, wani manomi daga Maruda da ɗansa ke aiki a Ikko, yana son ya riƙa ganin fuskar jikokinsa a waya. Zayyanu ya iya bakinsa. "Wallahi Malam," yakan ce, yana share gilashin waya da bakin riga, "garin ga duka kai kaɗai ka hwaɗin gaskiya." Ɗalha yakan ce a'a, a daina, amma a hankali yake faɗa don kada a daina ɗin.

Kada mutum ya yi masa dariya da yawa. A duk rayuwarsa wannan ne karo na farko da ya buɗe baki mutane suka yi shiru, kuma yana son majalisar nan fiye da yadda yake son albashinsa.

Wata safiya, ana dab da faɗuwar damina, wata farar mota ta tsaya a ƙofar siton da tsani a ɗaure a samanta. Wata matashiya ta fito da jakar kwamfuta a baya, maza biyu suna biye da ita da kwalaye. Deborah ce, 'yar Zuru, injiniyar da Hajiya ta ɗauka ta kula da duk na'urorinta.

"Baba, ina kwana? Hajiya ta ce ta gaya maka zan zo."

"Ta hwaɗi za a yi gyara," in ji Ɗalha. "Amma ɗiyata, mi yal lalace? Ni ban ga abin da yal lalace ba."

Deborah ta ajiye jaka ta yi masa bayani da haƙuri. Ta ce akwatunan nan uku kowanne gaban kansa yake ci. Ɗan dako in ya taso daga ƙofa da sikana ya nufi ƙuryar sito, a tsakiya sai ta saki akwatin farko ta kasa kama na biyu, ya tsaya da buhu a ka yana danne-danne. In ɗaya ya lalace kuma, sai ita da kanta ta taso tun daga Kalgo, ta ratsa Birnin Kebbi, ta zo ta tarar waya ce kawai ta zare. Yanzu Hajiya ta sayi wata na'ura da ake kira kwantirola, an ajiye ta a Kalgo. Duk akwatunan sitocin biyu za su koma ƙarƙashinta, suna ɗaya, tsari ɗaya. Daga kujerarta za ta ga kowanne, ta gyara kowanne.

Ɗalha ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya tambayi abu ɗaya da ya dame shi.

"To lambar hwa? Wa ka canza ta?"

"Babu mai canza komai a nan kuma, Baba. Na'urorin aiki kaɗai za su riƙa shiga, su ma da kansu. Ka huta."

Ita da zuciya ɗaya ta faɗa, har da murmushi, tana ganin albishir ta kawo. Ɗalha kuwa bai ga albishir a ciki ba. Ya gyara hula, ya shiga neman dalilai. Ya ce in ruwa ya sauko hanyar sadarwa yankewa take yi. Ta ce an yi tanadi, akwatunan za su ci gaba da aiki har ta dawo. Ya ce wutar Kalgo ba abin dogaro ba ce. Ta ce akwai sola. Da ya ga ta toshe ko'ina sai ya miƙe tsaye ya fito da babban makaminsa.

"Watau Gwandu za ta riƙa amsar umurni daga Kalgo? Ɗiyata, kin karanta tarihi kuwa?"

"Na karanta, Baba," in ji Deborah, tana buɗe kwali. "Amma Hajiya a Kalgo take."

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Akwatuna biyu na ciki ta haɗa su da kwamfutarta, ta goge duk abin da suka sani, ta ɗora musu sabon tsari, suka yi ta ƙifta jar wuta, can suka koma kore. Ta ce sun sami kwantirola ke nan. Na bakin ƙofa kuwa, wanda ya riƙe majalisa, ta ce ya tsufa, ba irin wanda ake juyawa ba ne. Aka sauke shi aka liƙa sababbi, har da wasu a wajen bango saboda masu lodi. Tsohon ta cusa shi a kwali ta tura ƙarƙashin tebur, ta ce in mota ta zo a aika da shi Kalgo.

Da la'asar jama'a suka taru kamar kullum. Kowa ya duba wayarsa ya ga sunan da ya sani ya ɓace. Ɗalha ya ce ɗan gyara ne ake yi, ya shiga bayanin dalilin da ya sa ruwan bana zai makara. A ranar ne ya fara ganin idanun mutanensa sosai, domin kowa ya ɗago kai yana kallonsa, kuma abin da ya gani a ciki bai yi masa daɗi ba. Wani malamin firamare har ya ce, "Anya kuwa, Malam?" Tun kafin rana ta yi sanyi rabinsu sun tuna suna da uzuri.

Washegari waɗanda suka zo ba su cika tabarma ɗaya ba. Kafin Juma'a ta zagayo saura Zayyanu, shi ma a tsaye, hannunsa a kan babur.

"Malam, gyaran ga ba ya ƙarewa? Gona na jirana."

Gonar da ba ta taɓa jiransa ba sai yanzu. Ɗalha ya bi bayan babur ɗin da kallo, ya ji tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin na mutumin da ya san inda ya fito kuma ya ga ana mayar da shi can. Ya shiga ofis ya zauna. Ƙafarsa ta taɓa kwalin da ke ƙarƙashin tebur.

Ranar Asabar da sassafe, kafin 'yan dako su iso, ya fito da tsohon akwatin. Ya sami wata kafa a jikin bango bayan tulin buhunan taki inda ake soka wayar sadarwa, ya soka, ya haɗa wuta, ya rufe da tsohon buhun albasa. Ya duba wayarsa, sai ga tsohon suna ya dawo. Ya yi hamdala kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Labari bai kwana ba. Da la'asar gindin dogon yaro ya cika har da waɗanda ba a taɓa gani ba. Aka durƙusa, aka gaisa, aka tambayi iyali. Ɗalha ya bayyana musu cewa shi ya kira Kalgo ya nuna musu kuskurensu, injiniyar da kanta ta ba shi haƙuri. Zayyanu ya ce dama ya faɗa, ilimin boko daban, basira daban.

Abin da Ɗalha bai sani ba shi ne, tsohon akwatin nan bai saba da zama a ƙarƙashin kowa ba. A da shi ke raba wa kowace na'ura adireshin da za ta yi aiki da shi, kuma ba wanda ya gaya masa an sauke shi. Yana farkawa ya ci gaba da rabonsa. Duk sikanar da aka kunna ta nemi adireshi, kafin amsa ta iso daga inda ya kamata, shi ya riga ya miƙa mata nasa na bogi, ta karɓa, ta ɓata hanyar Kalgo. Asabar da Lahadi ba a yi lodi sosai ba, ba wanda ya lura.

Litinin ce ranar fitar da taki. An yi ruwan farko, duk manomin da ke yankin yana son buhunsa a ranar. Motoci suka yi layi tun daga ƙofar sito har bakin titi, ga amalanke, ga babura. 'Yan dako suka kunna sikana, suka haska buhu, shiru. Suka kashe suka kunna, shiru. Dokar Hajiya kuwa ita ce buhun da ba a haska ba ba ya fita. Rana ta take, direbobi suka fara danna oda, wani dattijo daga Dalijan ya zauna a kan dakali yana faɗin abubuwan da ba a maimaitawa. Ɗalha yana ta kai da kawo yana gaya wa kowa cewa ga irinta nan, shi ya faɗa tun farko, Kalgo ba za ta iya riƙe Gwandu ba.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Deborah ce.

"Baba, akwai abin da aka soka a bango a sitonku?"

"A nan? Wa za shi soka wani abu ban sani ba?"

"Ina ganinsa daga nan. Sababbin akwatunan suna jin duk wani baƙon akwati da ke kusa da su, su kai wa kwantirola rahoto. Sunansa na da ne ma bai canza ba. Yana gefen ƙofa, wajen hannun hagu in ka shiga, inda aka tara taki."

Ɗalha ya waiwaya ya dubi farin akwatin da ke manne a saman ƙofa, yana ƙifta koriyar wutarsa ba ruwansa. Ashe munafuki aka liƙa masa a ka.

"Ƙila ɓeraye na," ya ce.

"To Baba, ka taimaka ka zare abin da ɓerayen suka soka. Sai a kashe sikana a kunna."

Ya je ya ɗaga buhun albasa a gaban 'yan dako, ya zare. Aka kashe aka kunna, sikana ta yi ƙara, buhu ya fara fita. Kowa ya ci gaba da aikinsa, kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Kafin azahar saƙo ya iso cewa Hajiya tana son ganinsa a Kalgo gobe.

A mota, tun daga Gwandu har Birnin Kebbi, daga nan har Kalgo, Ɗalha yana shirya abin da zai faɗa. Ba korar yake tsoro ba, ya san Hajiya ba ta korar tsofaffin ma'aikatan mijinta. So yake ya koma gida da lambarsa a hannu.

Aka shigar da shi ofis. Hajiya Hadijatu tana zaune da tabarau a kan hanci da carbi a hannu, mace ce da ta riƙe kasuwancin mijinta tun rasuwarsa ba ta bar ko buhu ɗaya ya ɓace ba. Deborah tana gefe da kwamfuta. A bayanta, cikin wani ɗan kabad mai ƙofar gilashi, Ɗalha ya hangi abokin gabarsa. Ya zaci zai ga wani inji mai cika ɗaki. Wani ɗan baƙin abu ne shimfiɗaɗɗe, bai fi faranti ba.

"Malam Ɗalha," in ji Hajiya bayan an gaisa, "jiya ka tsai da mini motoci rabin yini. Mi na yi maka?"

Ɗalha ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Ranki shi daɗe, na yi laihi, ban musu ba. Amma Allah na gani ba don kaina niy yi ba. Don talakawa na."

Daga nan ya saki baki, kuma a gaskiya bai taɓa yin jawabi mai kyan wannan ba. Ya kawo marayun da ke cika takardar jarrabawa a gindin bishiyar nan saboda ba su da abin sayen data. Ya kawo tsofaffin da ba su ganin jikokinsu sai ta waya. Ya kawo manomin da ke duba farashin albasa kafin dillali ya cuce shi, da malamin makarantar da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Ya ce tun da aka yanke abin nan, in ya dubi fuskokin bayin Allah sai ya kasa cin abinci. Yana cikin magana hawaye suka zubo masa. Hawayen na gaske ne, dalilinsu ne kawai ba wanda ya faɗa ba.

Hajiya ta daina jan carbi. Ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi.

"Ashe haka kake da zuciya, Malam Ɗalha, ban sani ba? Shekarun ga duka kana wagga hidima kai kaɗai?" Ta juya. "Deborah, babu yadda za a yi?"

"Akwai, Hajiya. Da sauƙi ma. Sai a ware wa baƙi hanyarsu daban, ba ta taɓa ta aiki. A ƙayyade musu ƙarfi don kada su danne sikana. Daga nan zan yi, ba sai na je ba."

Zuciyar Ɗalha ta yi fari. Har ya fara tunanin lambar da zai sa ranar Juma'a.

"A yi," in ji Hajiya. "Ladan kuwa, Allah shi kai ma marigayi Alhaji."

"Wace lamba za a sa, Hajiya?" Deborah ta tambaya.

"Lamba kuma? Sadaka za mu yi mu sa mata kwaɗo? A buɗe. Kowa yaz zo shi shiga."

Ɗalha ya yi gyaran murya. Ya ce wannan niyya ce mai kyau, sai dai Hajiya ta san halin mutane. In aka bar abu a buɗe 'yan zaman banza za su cika wurin. Gara a sami wani dattijo mai amana, wanda ya san kowa, ya riƙa tantancewa. Shi bai ce shi ba, amma in an rasa, ba zai ƙi ba.

"A'a, Malam Ɗalha, ka wahala haka nan. Mutum da girmanka kana danna wayar yara kullum? Na sauke maka. Wanda yaz zo zaman banza ma, ai ladan na nan."

Deborah ta dube shi ta saman kwamfuta, ya kawar da ido. Ta yi 'yan danne-danne, ba su kai tsawon shan kofin ruwa ba, ta ce an gama. Ta ce yanzu haka duk akwatunan Gwandu da na Kalgo sun karɓa, na ciki da na wajen bango, ana samu tun daga bakin titi har bayan sito.

Babu yadda ya iya, Ɗalha ya ɗaga hannu biyu ya yi wa Hajiya addu'a doguwa, ya yi wa marigayi, ya yi wa zuriya. Hajiya tana amin, tana cewa da ma'aikata duka irinsa ne da ta huta.

Deborah ta rako shi har bakin ƙofa.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Haƙurin mi, ɗiyata? Abin da nir roƙa shi anka ba ni."

A hanyar komawa ya lallashi kansa. Ya ce ko ba komai shi ya je ya ƙwato musu. Zai tara su a gindin bishiya ya ba su labarin yadda ya tsaya a gaban Hajiya ido da ido, yadda injiniya ta rasa ta cewa. Wannan labari kaɗai zai riƙe majalisa har kaka.

Ya sauka a Gwandu bayan la'asar, ya tarar abin ya riga shi isowa tun da hantsi. Jama'a sun fi na kullum yawa, sai dai ba a gindin dogon yaro suke ba. Sun bi inuwar bangon gabas sun jeru, wasu suna kan baburansu a bakin titi, wasu a barandar shagon da ke tsallake, har da mata biyu a bayan sito, waɗanda a da ba su isa su zo su durƙusa cikin maza ba. Kowa ya sami inda ya yi masa daɗi. Ya yi sallama da ƙarfi. Aka amsa daga nan da can, ba wanda ya motsa. Zayyanu yana jingine da bango yana yi wa jikansa wasa a waya, ya ɗago hannu ɗaya.

"Malam, ka ji abin arziki? Hajiya ta buɗe muna. Wallahi matar ga 'yar aljanna ta."

Ɗalha ya ce ai shi ne ya je. Zayyanu ya ce madalla, madalla, ya mayar da ido kan jikansa.

Washegari ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya sayi ganyen shayi da sukari da madara, ya karɓo babbar buta da kofuna a wurin matarsa Hauwa, wadda ta bi shi da kallo. Da la'asar ya hura gawayi a gindin bishiya, ya dafa, ya sa citta da kanumfari yadda ƙamshin zai kai bangon gabas. Ya jera kofuna, ya zauna, ya gyara riga.

Ƙamshin ya kai, domin ya ga wasu sun ɗago hanci. Amma a gindin bishiya rana tana ratsowa, a jikin bango kuwa inuwa ce mai sanyi, kuma ba abin da mutum zai samu a can wanda babu a nan. Ya jira. Gawayi ya fara zama toka. Ya ga in ya ci gaba da zama shi kaɗai da kofuna a gabansa, to kowa zai gane.

Ya tashi ya ɗauki buta a hannu ɗaya, kofuna a ɗayan, ya nufi bangon. Ya fara daga farkon layi, yana zubawa yana miƙawa. Ana karɓa da hannun da ba ya riƙe da waya, ana cewa an gode, Allah ya ba da lada. Ya zuba wa Zayyanu, ya zuba wa malamin firamare, ya zo kan wani magidanci daga Dalijan da bai taɓa zuwa wurin ba sai yau da ya ji an buɗe. Mutumin ya karɓa, ya kurɓa, ya gyaɗa kai, ya sa hannu a aljihu.

"Ya yi daɗi, mai shayi. Nawa na kofi?"

Ɗalha ya buɗe baki zai gaya masa ko shi wane ne. Sai ya dubi butar da ke hannunsa. Ya ƙara wa mutumin shayi har bakin kofi, ya matsa wurin na gaba.